Fitilar Baba Zurfi

Ranar Litinin, bakwai ga watan Maris na shekarar 2016, na fara ganin mutumin da muke kira Baba Zurfi. Ina zaune a ofishina, a ma'ajiyar magunguna inda nake aikin akawu, sai Manaja ya shigo da wani dattijo gajere mai faɗin kafaɗa, yana ɗingishi da ƙafar hagu. Ya ce in sa shi cikin ma'aikata. Na tambayi dattijon sana'arsa, ya ce haƙar rijiya. Na ɗaga kai na dubi Manaja, don mu dai famfo gare mu.

Manaja ya ce, "Ɗakin batir zai riƙe mana. Injiniya ta ce a samo mata mutum mai tsoro, ba mai wayo ba."

Dattijon ya ce, "Ranka ya daɗe, in dai tsoro ne, an zo gidansa."

Ma'ajiyarmu tana da manyan firji da ake adana allurai da magungunan da ba sa son zafi. Wutar gari ba abin dogaro ba ce, shi ya sa aka shimfiɗa allunan sola a kan rufi, aka jera batura a wani ƙaramin ɗaki da ke ƙarshen baranda, daura da ƙofar ofishina. Baturan irin masu ruwa ne, manya, waɗanda sai an riƙa duba su ana ƙara musu tataccen ruwa, ana goge kawunansu. Mai wannan aikin shi ke riƙe makullin ɗakin. Wannan makullin aka ba Baba Zurfi, kuma shi ne abincinsa, domin tun da igiya ta tsinke da shi ya gurɗe a ƙugu, ba ya iya shiga rijiya. Yana da mata, da auta mace da take makarantar koyon jinya.

Direbanmu ne ya laƙa masa sunan. Duk abin da aka nuna wa Baba, tambayarsa ta farko ita ce zurfinsa nawa. Ya tambayi zurfin firji, ya tambayi zurfin tankin ruwa, har aljihun teburina sai da ya zura hannu ya ji iyakarsa. Direba ya ce, "Baba, kai ko kofin shayi aka ba ka sai ka nemi igiya." Sunan ya bi shi, shi kuma bai ƙi ba.

A satinsa na farko Injiniya ta zo ta nuna masa aikin. Mace ce matashiya, doguwa, ba ta da yawan magana, ita ta haɗa mana kayan sola, kuma takan zo dubawa bayan 'yan watanni. Ta ba shi safar hannu ta roba da tabarau. Ta ce ya cire zobe da agogo kafin ya taɓa batir, kada ya ɗora ƙarfe a kan kawunansu, kada ya bari a mai da ɗakin sito, kuma bokitin ruwa mai tsabta ya kasance kullum a bakin ƙofa saboda in ruwan batir ya fallatsa wa mutum a ido. Ta nuna masa hoton ashana da taba da aka ja wa jan layi a jikin ƙofa. Sannan ta nuna masa ramuka biyu a bango: ɗaya ƙasa kusa da daɓe, ɗaya can sama dab da rufi a bangon da ke fuskantarsa.

Ta ce, "Baba, waɗannan ramukan kada a toshe su. Batir in yana caji yana fitar da muguwar iska, ba ta da wari, ba ta da launi."

Ya ce, "'Yata, na san ta. Ni da ita mun daɗe."

Ta yi murna da jin haka, ta tafi. Ina tsaye a wurin, ni ma na ɗauka sun fahimci juna.

Sanin da ya ce ya yi mata, daga baya ya ba ni labarinsa, wata rana muna zaune a baranda lokacin hutun rana. Ya ce a ƙasan rijiya akwai iskar da take kwanciya kamar ruwa. Nauyi gare ta, ba ta tashi, ba a ganinta, mutum yana shiga cikinta sai ƙafafunsa su mutu. Dabarar masu haƙa ita ce kafin kowa ya sauka, a ɗaura fitila a igiya a zura ta har ƙasa. In harshen wutar ya tsaya, iska lafiya. In ya lanƙwashe ya mutu, ba mai sauka sai an kaɗa ramin da ganye ko buhu an sake gwadawa. Ya ce wata safiya suna yasar wata tsohuwar rijiya shi da ƙaninsa, kananzir ya ƙare a fitilar. Ya tafi sayowa, ya ce wa ƙanin ya jira. Ƙanin ya ga jiya ma sun shiga lafiya, ya sauka. Kafin Baba ya dawo an taru a bakin rijiyar.

Ya ce, "Malam Akawu, tun ranar ban ƙara sa ƙafa a rufaffen wuri ba sai wuta ta riga ni."

Na san fitilar. 'Yar ƙarama ce ta gwangwani mai lagwani, ta yi baƙi, da igiya naɗe a wuyanta. Kullum tana cikin jakar buhun da yake ratayawa a ƙusa bayan ƙofar baranda. Na ɗauka ajiyar tunawa ce kawai.

Aikinsa kuwa ba a magana. Yakan riga kowa zuwa, kafin mu iso ya gama duba ɗakin, ya share, ya kulle. Kawunan baturan har ƙyalli suke yi. Direba ya taɓa roƙonsa ya ajiye tsohuwar taya a ciki na kwana biyu, Baba ya ce, "Kai da tayarka ku nemi gidan haya." Mai shara ta so ta riƙa jingine tsintsiyarta a can, ita ma ya kore ta, suka yi sati ba sa gaisawa. Manaja yana jin daɗinsa ƙwarai, musamman da yake Baba mutum ne mai ladabi irin na da: ko me yake yi, in babba ya doso, zumbur zai miƙe tsaye ya gaishe shi, da abin da ke hannunsa da komai.

Da damina ta kankama, ruwa ya fara shigowa ta ramin sama. In iska ta kaɗo daga wannan ɓangaren, feshi yakan sauka kan layin baturan da ke jikin bango. Baba ya goge sau ɗaya, sau biyu, abin ya dame shi, don an gaya masa kada kawunan su jiƙe. Sai ya zauna ya yi lissafi irin nasa. Muguwar iska ƙasa take kwanciya. Ramin ƙasa yana nan a buɗe, ta nan za ta fita. Na sama ba abin da yake kawowa sai ruwa. Ranar wata Asabar da ba kowa, ya samo rabin bulo da ɗan siminti ya toshe shi, ya shafe, ya bi da farin fenti. Masu haƙar rijiya sun iya gini, don su ke ɗaure bakinta. Aikin ya yi kyau har ba wanda ya lura akwai rami a wurin a da.

Don ya tabbatar bai yi kuskure ba, sai ya dogara ga abin da ya saba yi tun zuwansa. Kowace safiya, in ya buɗe ƙofar, yakan durƙusa a bakinta, ya kunna fitilar, ya zura ta da igiya har ta taɓa daɓe, ya zuba mata ido. Wutar takan tsaya cak. Sai ya hure ta, ya mayar jaka, ya shiga aikinsa da kwanciyar hankali. Da yake ya riga mu zuwa, ba wanda ya taɓa gani.

Abin ya fito fili ne wata rana da tsakar rana, bayan an yi kwanaki ana hadari sannan rana ta buɗe da ƙarfi. Baturan sun sha caji, har daga baranda ana jin suna ɓararraka a hankali kamar tukunyar da ta fara tafasa. Baba bai saba jin su haka ba, hankalinsa bai kwanta ba, ya ga gara ya sake gwadawa. Ina rubutu na ɗaga kai na hango shi ta ƙofata: durƙushe a bakin ɗakin batir, rabin jikinsa a ciki, igiya a hannu, wuta tana ci a ƙasa. Kafin in gane abin da nake gani, sai ga Manaja da Injiniya sun shigo barandar, ita ta zo dubawarta.

Baba ya ji takun Manaja, ya fara tattara igiya zai miƙe.

Injiniya ba ta yi ihu ba. Ta sa hannu ta tare Manaja a ƙirji, ta ce da murya ƙasa-ƙasa, "Baba, kada ka tashi."

Ya ce, "'Yata, ai Manaja ne."

"Na gan shi. Kada ka tashi, kada ka ɗaga hannunka. Bar fitilar a ƙasa. Ja da baya da gwiwa, ka jawo ta a kan daɓe."

"Da gwiwa? Gaban mutane?"

"Baba, don Allah."

Wataƙila yadda muryarta ta canza ne ya sa ya bi. Ya ja da baya da rarrafe, ƙugunsa mai ciwo yana ba shi wahala, fitilar tana biye da shi a ƙasa tana ƙara a kan siminti. Da ta fito baranda sosai, Injiniya ta durƙusa ta murje lagwanin da yatsunta. Sannan ta wuce akwatin da ke waje ta katse cajin, ta buɗe ƙofar ɗakin har bango, ta ce kowa ya koma tsakar gida, kada wanda ya taɓa makunnin lantarki. A can ta zauna kan dakali.

Baba ya ce, "Ni ban shiga da ita ba. Daga bakin ƙofa nake zura ta. Kuma kin gani da idonki, wutar ba ta ko girgiza ba. Iskar lafiya lau."

Ta ce, "Ina ramin sama?"

Ya gaya mata, da dalilinsa duka, bai ɓoye komai ba. Ta saurare shi har ya gama. Sannan ta ciro wata 'yar na'ura daga jakarta, mai girman wayar hannu, ta ɗaura ta a kan sandar mai shara. Ta ce masa ya biyo ta bakin ƙofa. Ta saukar da na'urar ƙasa inda yake ajiye fitilarsa: shiru. Ta ɗaga ta daidai ƙirji: shiru. Ta miƙa sandar sama har kusa da rufi, sai na'urar ta ɓarke da kuka, jar wuta tana ƙiftawa. Ta sauke, na'urar ta yi shiru. Ta ɗaga, na'urar ta sake kuka.

Ta ce, "Ta rijiya nauyi gare ta, tana kashe wuta. Wannan ta fi kowace iska rashin nauyi, sama take gudu ta taru a ƙarƙashin rufi. Kuma ba ta kashe wuta, Baba. Kamawa take yi, gaba ɗaya, lokaci guda. Ramin ƙasa na shigar iska mai kyau ne. Na sama shi ne hanyar fitarta. Da ka miƙe da fitilar nan a hannunka, ban san abin da za mu tarar ba."

Baba ya daɗe yana kallon rufin. Can ya ce, "Iska mai hawa sama."

Direba, wanda bakinsa ba ya iya zama, ya ce, "Baba, rijiyar ce aka kifa maka ita. Zurfin yana sama."

Ba wanda ya yi dariya sai Baban kansa, kaɗan.

Manaja ya so ya karɓi makullin nan take. Injiniya ce ta hana. Ta ce ita ma da nata laifin, don ta ce masa kada ya toshe amma ba ta gaya masa dalili ba, kuma ramin da ke zubo ruwa a kan batir gyara yake bukata tun farko. Suka yi magana a ofishina, aka tsaya a kan sharaɗi ɗaya: makulli yana hannun Baba, amma fitila ba za ta ƙara shigowa harabar ma'ajiyar ba, ko a jaka, ko a kashe. Manaja ya faɗa masa haka a gabana. Baba ya ce ya ji.

Washegari, bayan ɗakin ya sha iska ƙofa a buɗe, shi da kansa ya hau tsani ta waje ya fasa abin da ya toshe. Ya faɗaɗa ramin yadda Injiniya ta auna masa, ya sa raga saboda tsuntsaye, ya yi masa 'yar rumfa mai gangare yadda ruwa ba zai shiga ba ko iska ta kaɗo. Injiniya ta kafa na'urar shinshina iska a jikin rufi, mai koren haske in lafiya, ja in ba lafiya. Ta ce masa, "Ga sabuwar fitilarka. Kore, ka shiga. Ja, ka katse caji ka buɗe ƙofa ka kira ni."

Ya kai fitilar gida. Daga nan na fara zuwa da wuri wasu ranaku, saboda aikin ƙarshen wata, sai na riƙa tarar da shi tsaye a bakin ɗakin, ƙofa a buɗe, makulli a hannu, koren haske yana ci a sama, shi kuwa bai shiga ba. Wani lokaci sai mai shara ta zo ta wuce ta gabansa ta leƙa ciki sannan ya bi bayanta. Aikin da yake gamawa kafin mu iso ya koma kaiwa hantsi. Ya rame. Na tambaye shi ko jikin ne.

Ya ce, "Malam Akawu, kaina ya yarda da yarinyar nan. Na ga abin da idona. Ƙafata ce ba ta yarda ba."

Na ce, "Ai ga haske nan kore."

"Na gan shi. To in abin ya lalace fa, ya ci gaba da nuna kore? Wuta ba ta yi mini ƙarya, in ta mutu ta mutu. Wannan ban san cikinsa ba."

Na gaya wa Injiniya a waya. Ta zo takanas ta nuna masa maɓallin gwaji, wanda in an danna na'urar take kuka don a san tana da rai. Ta tsaya ya danna da sanda sau da yawa. Ya yi mata godiya sosai, ya raka ta har mota. Da safe na sake tarar da shi a tsaye a bakin ƙofa.

Ranar da ya kawo makullin zai ajiye aiki, matarsa ta biyo shi. Mace ce kakkaura mai murya, ta zauna a kujerar baƙi ba tare da an ce ta zauna ba.

Ta ce, "Malam, kai ne mai rubutu, kada ka rubuta. Wannan mutumin tsufa ne ya fara taɓa shi. Aiki a inuwa, ba laka, ba igiya, ya ce zai bari saboda gwangwani!"

Baba ya ce, "Ke dai ki yi shiru."

"Ba zan yi ba. Auta saura shekara ta gama. Gwangwanin ne zai biya mata? Ni da na sani, ranar da ka kawo shi gida da na jefa shi a shara."

"Da kin bi shi."

"Ka ji ko, Malam? Shekara da shekaru ina fama. Ko ɗakin girkina in ya kwana a rufe sai ya zura wannan abin kafin ya shiga."

Na ce masa ya ƙara tunani, ko sati ɗaya. Ya ajiye makullin a kan teburina, ya tura shi gabana da yatsa.

Ya ce, "Na yi tunanin. In na zauna, wata rana zan kawo ta a ɓoye. Na san kaina. Jiya har na sa ta a jaka, sai a bakin titi na koma na ajiye. Gara in tafi tun ɗakin yana tsaye, da mutanen da ke kusa da shi." Ya nuna ƙofata da haɓa. "Kai ne ma na farko."

Matar ta miƙe tsaye. Ta gyara mayafinta ta ce, "To ai sai ka tashi mu tafi, tunda ka gama kunyata ni."

Manaja ya nemi ya ba shi gadin ƙofar waje, amma akwai mai yi, kuma tsayuwar ba za ta yi wa ƙugunsa ba. Aka sallame shi da takardar yabo. Makullin ya koma hannun mai kula da sito, wanda Injiniya ta zaunar ta yi wa bayanin ramukan biyu dalla-dalla, da dalilin kowanne.

Baba Zurfi ya koma wurin masu haƙar rijiya. Ba ya sauka. Shi ne na bakin rami: yana zura fitila kafin kowa ya shiga, yana riƙe igiya, kuma in ya ce ba a sauka, ba a sauka. Abin da yake samu bai kai na wurinmu ba, kuma da damina aikin yakan tsaya. Matarsa ta kama sayar da kayan miya a ƙofar gida, da haka auta ta gama makaranta, yanzu tana aiki a wani asibiti. Yakan biyo ta wurinmu jefi-jefi mu gaisa. Ba ya shiga baranda. Yakan zagaya bayan ginin ya ɗaga kai ya duba ragar ramin sama, in ya ga yanar gizo ko ciyawar tsuntsu ya sa a kawo tsani a cire. Rumfar da ya yi tana nan, ruwa bai ƙara shiga ɗakin ba.